Zaren da Yaya Ya Ja

Ƙarar ta fito daga lasifikokin biyu a tare, siririya mai huda kunne, kafin ta kumbura ta cika zauren. Malaman cibiyar da ke layin gaba suka toshe kunnuwa da tafin hannu. Wata ta saki kofin ruwa a kan takardunta. Darakta ta miƙe tsaye, bakinta yana motsi, amma babu mai jin abin da take faɗa. Auta ce ta daka tsalle ta fizge wayar lasifikokin daga bango. Shiru ya sauka, irin shirun da kunne ke ci gaba da kuka a cikinsa.

Yaya yana tsaye a gaban kwamfutar, hannunsa bai bar kan linzaminta ba. Auta ta dubi babban allon da aka haska a bango, ta ga abin da ya yi, ta kasa yarda da idonta. Zare guda ɗaya tak ta ce ya ja, daga akwatin amsa-kuwwa zuwa ɗan akwatin da ke rage ƙarfin sauti. Shi kuwa ya tsallake ɗan akwatin, ya mayar da amsa-kuwwar cikin bakinta, sautin ya riƙa cin kansa yana ƙaruwa. Wannan ne kuskuren da ya fara ja mata kunne a kai ran da ya zaunar da ita gaban kwamfuta tana 'yar makaranta. Har rankwashi ta sha a kansa. Wanda ya yi mata rankwashin ba zai manta ba. Da gangan ya yi, ta gaya wa kanta, kuma a gaban mutane.

Wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abokan sana'a. Suna da ɗan ɗaki a saman wani shagon ɗinki, an lulluɓe bangonsa da soso, a nan suke haɗa sauti. Ba su da ganga, ba su da sarewa. Ruwan saman da ake ji a wasan kwaikwayon rediyo, kukan tsohuwar ƙofa, iskar hadari, kiɗan da ke bayan tallar sabulu, duk daga cikin kwamfuta suke ƙera su. Yaya mutum ne da sauti ba ya wuce shi. Ya taɓa naɗar tsakin Auta a ɓoye, ya yayyanka shi ya mayar da shi kiɗa, tallar da ta fi kowacce yawo a gidajen rediyo da tsakinta take tafiya. Ta yi fushin kwana biyu, daga baya ta sa kiɗan a matsayin kukan wayarta.

To ita kwamfuta ba ta jin "don Allah". Ko ƙarar ɗigon ruwa kake so, sai ka yi mata magana da yaren da ta sani, yarukan kuma suna da yawa. A ɗakin su Auta biyu ne ake rigima a kansu. Na farko suna ce masa yaren akwati. Kana zana ƙananan akwatuna a allo, kowanne da aikinsa, wannan ya haifi sauti, wannan ya tace shi, wancan ya ba shi amsa-kuwwa, sai ka ja zare da linzami daga wani zuwa wani, ka ga hanyar da sautin yake bi da idonka. Na biyu yaren rubutu ne. Babu zane, babu zare, sai layi-layi na haruffa da baka da waƙafi. Ka manta ɗigo guda, kwamfuta ta yi maka shiru kamar ka zagi mahaifiyarta.

Yaya ne ya koya mata yaren akwati. Shekara da shekaru da shi yake rantsuwa, masu yaren rubutu kuwa ba ya kiransu komai sai akawu. Kwatsam a bara ya juya. Ya ce rubutu ya fi tsafta, ya ce zaruruwa suna sarƙewa kamar igiyar shanya bayan iska, ya ce duk wanda ya san abin da yake yi yanzu rubutawa yake. Ya kafe ƙememe. Auta ba ta yi musu sosai ba da farko, don ta riga ta gano dalilin, ko kuma a ce ta ɗauka ta gano. A yaren akwati ta kamo shi har ta wuce. Masu kawo aiki sun fara cewa ruwan saman Auta suke so. Sai da ta iya wasan sannan babban yaya ya ce a sake wani, wanda za ta koma 'yar koyo a ƙarƙashinsa. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta haɗiye saboda girmansa.

Sai ga wannan cibiyar koyar da fasaha ta ce za ta buɗe ajin haɗa sauti, ta gayyace su su koyar, amma su zaɓi yare ɗaya da za a ɗora ajin a kai. Koyarwa ita ce burin Yaya tun ba yau ba, kowa a gidansu ya gaji da jin labarin ajin da zai buɗe wata rana. A safiyar nan Auta ta riga shi tashi gaban malamai. Ta gina ruwan sama a kan idonsu, akwati bayan akwati, daga yayyafi har ya zama mai dukan kwano, suna ta gyaɗa kai. Saura zare ɗaya ta tsaya, ta yi murmushi, ta ce don su ga sauƙin abin, ga yayanta nan da ya daina son yaren, ya zo ya ƙarasa da hannunsa, aiki ne da ko yaro zai yi. Ta so ta ɗan tsokane shi ne, hannunsa ya ba da shaida a kan bakinsa. Ya daɗe a zaune kafin ya taso.

Da zauren ya watse, Darakta ta ja ta gefe. Mace ce mai magana a hankali da ba ta maimaita zance. Ta ce yaren akwati ya burge kowa, shi suke so, ita ma Auta suna son ta. Amma ba sa son rigimar gida a cikin aji, abin da suka gani ɗazu ya ishe su. In ta yarda, ajin nata ne ita kaɗai, ban da yayanta. Ta ce ta ba ta amsa kafin a tashi aiki yau.

Auta ta juyo don ta ga ko Yaya ya ji, ta tarar da kujerarsa babu kowa. Ko kayan bai taya ta naɗewa ba. Nan ranta ya ƙarasa ɓaci. Ta bar lasifikokin a hannun mai gadi, ta rataya jakar kwamfuta, ta fita da sauri tana shirya maganar da za ta gasa masa.

Ta hango shi a tashar bas, hannu a aljihu, 'yar wayar sauraron nan da ba ya rabuwa da ita a kunnensa na hagu. Bas ta tsaya, ya yi wa kwandasta wata tambaya, ya shiga. Ba bas ɗin gida ba ce, ba kuma ta ɗakin aiki ba. Auta ba ta yi wata-wata ba ta bi shi. Allah ya taimake ta, ko kuma ya taimaki fushinta, ta samu kujerar da ke kallon tasa, gwiwarta ta kusa taɓa gwiwarsa. Ta ɗora jakar a cinya, ta sha mur, ta ja tsaki mai tsawo don ya san da zuwanta.

Ya ɗago ya dube ta. Tsakiyar fuskarta ya kalla, ya daɗe, sannan ya mayar da kai taga kamar bai taɓa ganinta ba.

Wannan ya fi ƙarar ɗazu zafi. Wato abin har ya kai ga haka, a zubar mata da mutunci da safe, a yi mata kallon banza da rana. Ta ce a ranta ba za ta fara magana ba, ko za su kai ƙarshen layin su dawo. Bas ta yi ta tsayawa tana ɗiba. Wata mata ta shigo da kwandon tumatir ta cusa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani dattijo kusa da Auta yana ta faɗa da kwandasta a kan taga da ta ƙi rufuwa. Auta tana cika tana batsewa, tana jera laifuffukan Yaya tun daga ƙuruciya, har da keken da ya hana ta hawa.

Sai ya sake juyowa, ya ɗan sunkuyo, ya rage murya, irin yadda ake yi wa baƙo magana.

"Baiwar Allah, don Allah in an zo asibitin ido ki faɗa mini. Ba na ganin rubutun tashoshin."

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta dubi idanun nan da ta sani tun kafin ta san nata, ba ja, ba fari, ba kwantsa, lafiya lau a gani. Suna kan fuskarta, amma ba su same ta ba. Ta buɗe baki, ta tuna muryarta za ta tona ta, ta rufe. Ta gyaɗa masa kai. Sai da ta gyaɗa sannan ta gane cewa gyaɗa kan ma bai isa gare shi ba. Dattijon ne ya ce kada ya damu, shi ma gaba da nan zai sauka, zai faɗa masa. Yaya ya yi godiya, ya koma ya jingina.

Daga nan abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba. Babur ɗinsa da ya sayar, ya ce bayansa ke ciwo. Saƙonnin rubutu da ya daina amsawa, ya ce a riƙa turo masa murya, shi mutumin kunne ne. Ran da ya zuba shayi a gefen kofi, ta yi ta dariya tana cewa tsufa ya zo da wuri. Ran da gwaggonsu ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki, bai gaishe ta ba sai da ta yi magana, gwaggo ta tafi tana mitar 'ya'yan zamani. Haruffan allonsa da suka yi ta girma kamar na allon talla, daga baya ya riƙa dusashe hasken gaba ɗaya, ya ce batir yake tattali. Da wannan 'yar wayar ta kunne, da ta ɗauka kiɗa yake ji don ya yi biris da ita. A tebur ɗaya suke zama kullum, kafaɗa da kafaɗa. Ita da take alfaharin tana gane zaren da ya karkace a cikin ɗari, ba ta ga wannan ba. Kuma da bakinta ta kira shi gaban malamai, ta ce aikin da ko yaro zai yi.

Dattijon ya taɓa shi ya ce an iso. Yaya ya sauka a hankali, yana laluben matakin da ƙafa. Auta ta sauka a bayansa. Ta bar tazara a tsakaninsu. Yanzu da take kallo da gaske, ta ga yadda yake tafiya, kai a ɗan karkace, yana duban hanya da gefen ido kamar mai satar kallo. Ya kauce wa kwata daidai, ya kauce wa mai tura baro, amma a bakin ƙofar asibitin ya miƙa hannu ga mariƙin ƙofa ya kama iska, sai a karo na biyu ya same shi.

Ɗakin jiran ya cika da mutane, wasu da auduga a ido, wasu da baƙin tabarau, wasu an riƙo musu hannu. Nas ɗin da ke kan tebur ta gan shi ta washe baki. Ta kira shi Mai Sauti, ta ce ai ba yau ce ranarsa ba, ta tambaye shi ina madam, yau shi kaɗai ya zo? Ya ce hanya ce ta biyo da shi, in likita yana da sarari yana so ya gan shi. Ta ce ya zauna ya jira.

Auta ta laɓe a bayan wani ginshiƙi tana ji. Wato matarsa ta sani. Nas ta sani, har suna wasa da dariya. Wataƙila mai sharar asibitin ma ya sani. Ita kaɗai, da suka sha nono ɗaya, aka bari tana rigima a kan akwatuna. Tausayi da haushi suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara ji. Ta ce a ranta za ta tsaya nan har ya shiga, sannan ta sulale ta tafi, gobe ta yi kamar ba ta ga komai ba.

Wayarta ce ta yi ƙara. Kiɗan tallar sabulu ya tashi daga cikin jaka, tsaki yana bin tsaki, ɗakin jira duka ya waiwayo. Ta yi ta kokawa da zif ɗin jakar, ta ga sunan Darakta a allo, ta kashe. Yaya kaɗai ne bai waiwayo ba. Ya matsa gefe a kan bencin, ya ɗan bubbuga wurin da ya bari da tafin hannu.

Ta zo ta zauna. Ta tambaye shi tun yaushe idon ya fara, ya ce ya kwana biyu, tun kafin ya sayar da babur. Ya yi mata bayani a sanyaye, kamar yana kwatanta mata lalacewar wata na'ura. Tsakiyar ganin ce ta tafi, gefe yana nan. Duk abin da ya zuba wa ido sai ya ɓace, abin da ke gefe kuma yana hango shi dishi-dishi. Zai iya tafiya bai faɗa rami ba, amma fuska, da rubutu, da bakin ƙaramin akwati a allo, sun yi masa nisa. Likita ya ce ba zai dawo ba, ƙoƙarin da ake yi shi ne kada ya yi saurin ƙaruwa.

Ya ciro 'yar wayar daga kunnensa ya miƙa mata. Ta sa a nata. Wata murya ce ta inji take zuba da gudu, kalma tana hawa kan kalma, ba ta tsinci ko ɗaya ba. Ya ce wannan ita ce idonsa yanzu. Duk abin da aka rubuta da haruffa tana karanta masa, har baka da waƙafi. Da ita ya koyi yaren rubutu a ɓoye, da ita yake aiki. Amma in ya buɗe yaren akwati, kalma ɗaya take faɗa masa, ta ce "hoto", ta yi shiru.

"To me ya sa ka taso da na kira ka?"

"A gaban mutane kika kira ni. Na ɗauka hannuna zai tuna hanya."

Ta cire wayar daga kunne. Ta ce da ya faɗa mata tun farko, da babu wannan duka, da ba ta ɓata wata da watanni tana zarginsa da baƙin ciki ba. Ta faɗa da zafi, don fushin bai gama fita ba. Ya ce ya sani. Ya ce da ya faɗa, da ta zaɓi rubutu don tausayi, shi kuwa so yake ta zaɓe shi don ya fi.

"Bai fi ba, Yaya."

Ya yi dariya, ta farko tun safe.

"Na sani. Ga mai ido, akwati ya fi. Ni na koya miki, ai ba ƙarya na koya miki ba."

Daga nan ya ce ya ji abin da Darakta ta faɗa mata, kunnensa dai bai samu matsala ba. Ya ce ta karɓi ajin. Ta cancanta, ruwan samanta ya fi nasa tun da daɗewa, shi ya fara ganewa kafin masu kawo aiki. Shi zai zauna a ɗakin aiki da muryarsa ta inji, ba zai rasa abin yi ba. Ya faɗa yana murza 'yar wayar a tsakanin yatsu, kai a karkace, yana kallon wani wuri kusa da kafaɗarta. Ta gane cewa haka yake yi in yana so ya gan ta.

Ƙarya ne a ce Auta ba ta so ajin ba. Ta so shi har cikin ƙashinta. Ta hango kanta a gaban ɗalibai, babu mai gyara mata zama, babu mai cewa "ƙanwar wane". Shekarun da ta kwashe tana koyon jan zare har hannunta ya fi tunaninta sauri, duk a nan za su yi amfani. A ɗaya yaren kuwa ko yayyafi ba ta iya haɗawa ba. Sannan ta hango ajin da kyau, allo cike da akwatuna, ɗalibai suna jan zare suna dariya, ɗaki guda da Yaya zai iya shiga ya zauna daga safe har yamma bai san abin da ake yi ba. Shi da ya fara mafarkin ajin tun tana sa kayan makaranta.

Ta ciro wayarta ta kira Darakta. Ta ba ta haƙurin rashin ɗauka. Ta ce ta yanke shawara, da yaren rubutu za su koyar, kuma su biyu ne, ita da yayanta. In ba haka ba, a nemi wasu.

Darakta ta ce ba ta gane ba. Da safe Auta ce ta tsaya ta nuna musu cewa rubutu wahala ne, ita ce ta sa kowa ya yarda da akwati, kuma yayan nata ne ya kusa fasa musu kunne. Me ya canza daga safe zuwa yanzu? Auta ta dubi Yaya. Yana jin komai, wayar ba ta da nisa da kunnensa. Ya girgiza mata kai a hankali. Kalma ɗaya za ta faɗa matar nan ta fahimta, wataƙila ma ta tausaya ta amince nan take. Amma kalmar ba tata ba ce, ta Yaya ce.

"Na sake dubawa ne, ranki ya daɗe," ta ce.

Darakta ta ce to, za ta kai wa kwamiti, amma ba ta yi alkawari ba, akwai wani da ya nemi aikin kuma shi ba shi da sharaɗi. Muryarta ta yi sanyi irin na wanda ya fara shakkar hankalin mutum. Auta ta yi godiya ta kashe.

Yaya ya ce ta yi wauta. Ta ce a gida ta koya. Ya ce rubutun zai ba ta wuya, za ta yi kuka a kan waƙafi. Ta ce ya rage wa wannan muryar gudu tukuna, mutum ba ya koyon komai daga bakin mai gwanjo. Ya lalubi gefen wayarsa ya danna, ya sake miƙa mata 'yar wayar kunnen. Wannan karon ta ji kalmomin ɗaya-ɗaya. Layin farko na wani aiki ne da ya fara bai gama ba, muryar ta karanta sunan da ya ba shi, ruwan sama. Ya ce watanni yake fama da shi, har yanzu kamar ana soya ƙwai yake fita, ba kamar nata ba. Ta ji hawaye ya zubo mata, ta bar shi, tunda ba gani zai yi ba. Sai ya zaro hankici daga aljihu ya miƙo mata, ya ce numfashinta ya canza.

Ta share fuska. Akwai abin da ya rage yana cin ta, ta ga gara ta fitar da shi.

"A bas ɗin nan, wadda ka yi wa magana, ni ce."

"Na sani."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Tsakin da na yayyanka da hannuna na sayar wa masu sabulu? Tun kafin ki gama jan sa na san ke ce."

"To don me ka ce mini baiwar Allah?"

Ya daɗe yana naɗe wayar sauraron a yatsansa yana warwarewa.

"Na yi ta gwada faɗa wa Auta, bakina ya ƙi. Kullum in na buɗe sai in ji ina zancen tsaftar rubutu. Baiwar Allah kuwa ba ta san ni ba, ba ta taɓa ganin ina gyara wa kowa zare ba. Ita na iya faɗa wa."

Nas ta ɗaga murya ta ce Mai Sauti ya shigo, likita ya samu sarari. Ya miƙe, ya gyara rigarsa. Auta ta rataya jakar kwamfutar ta bi shi, ba ta kama masa hannu ba, ta dai tsaya ta gefen da yake gani. A bakin ƙofar nas ta tare ta da hannu, ta ce mara lafiya kaɗai ke shiga sai na jikinsa, wannan fa wace ce?

"Ƙanwata ce," in ji Yaya. "Ta sani."